Sikanin ya nuna cikina ya daina girma: in jira, in sha magani, ko a yi mini wankin ciki?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 26, shekara biyu da aure, wannan ne cikina na fari. A lissafina ya kai mako 10. Na ga ɗigon jini baƙi-baƙi, na je aka yi mini sikanin, aka ce girman cikin ya tsaya tun yana mako 7, kuma babu bugun zuciya. Likita ta ce in zaɓa: ko in jira ya fita da kansa, ko a ba ni magani, ko a yi mini wankin ciki. Ta kuma ce jinina ya ɗan yi ƙasa. Surukata ta ce kwanciya cikin ya yi, kada a taɓa shi, za ta karɓo mini rubutu da sassaƙe. Mahaifiyata ta ce wankin ciki yana lalata mahaifa. Maƙwabciyata kuma ta ce akwai ƙwayar da za ta sayo mini a kemis, a gama cikin dare ɗaya. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa, ya ce duk abin da na zaɓa shi ke nan. Muna zaune can bayan Dakace, da dare abin hawa yana wuya. Anti, kwana goma kafin in ga jinin na hau acaɓa zuwa biki a kan hanya mai gargada. Ni na kashe shi? In na yarda a cire, zubar da ciki na yi? Ba na iya barci.

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki ladan wannan rashi. Gaisuwa nake yi miki sosai, domin rashi kika yi, ko da ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, ko da babu wanda ya shigo ya ce miki ya haƙuri.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Ki ɗauki lissafin da kika ba ni da kanki. An yi sikanin kina mako 10, aka ga girman mako 7, wato cikin ya daina girma wajen mako uku kafin ranar. Acaɓar kuwa kwana goma ne kafin jinin. Kin ga ke nan ranar da kika hau babur ɗin nan, abin ya riga ya faru, ke ce ba ki sani ba. Ko da ma lissafin bai faɗo haka ba, amsata ɗaya ce. Ƙaramin ciki yana can ƙasa cikin ƙugu, ƙashi ya kewaye shi, gargadar hanya ba ta kakkaɓo shi. Haka daka, da ɗaukar bokiti, da wanki, da kwanciyar aure, da ɓacin rai. Da waɗannan suna ɓarar da lafiyayyen ciki, da matan ƙauyukanmu da ke surfe da jan ruwa har ranar naƙuda ba su haihu ba.

Abin da ya fi jawo ɓari a watanni ukun farko yana faruwa ne tun ranar da cikin ya shiga. Kowane ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. Wani lokaci wajen haɗuwarsu sai ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, cikin ya fara girma, ya kai wani mataki ya kasa wucewa. Kusan rabin ɓarin farkon ciki wannan ne sanadinsa, kuma yawanci sau ɗaya yake faruwa, ba ciwo ne a jikinki ko a jikin maigidanki ba. A 2021 masana sun ƙiyasta cewa kashi 15 cikin ɗari na cikin da aka san da shi yana ƙarewa da ɓari, kimanin miliyan 23 a duniya kowace shekara. In kika zauna a taron suna kika dubi matan da ke ɗakin, da wuya a rasa wadda ta taɓa shiga halin da kike ciki. Kunya ce ta sa ba a faɗa.

Kafin a yi maganar zaɓi, ina so a sake sikanin. Ba don in sa miki rai ba: in an ga ɗan tayi mai girman mako 7 babu bugun zuciya, kusan kullum maganar ta tabbata. Amma likitoci suna da ƙa'ida. Da na'urar da ake sakawa ta gaba, wadda ta fi gani sosai a ƙaramin ciki, sai tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugu, ko jakar cikin ta kai milimita 25 babu komai a ciki, sannan ake yanke hukunci. In bai kai haka ba, a dawo bayan mako guda. In kuwa ta saman ciki aka duba, wasu sukan jira har mako biyu. Ki duba takardarki, ki tambayi wace iri aka yi miki, sannan ki sake a inda likitan mata zai gani da idonsa, kamar asibitin koyarwa na Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Muddin ba kya zubar da jini sosai kuma babu zazzaɓi, jiran 'yan kwanakin nan ba zai cutar da ke ba. Amfaninsa shi ne kada nan da shekara biyar wata zuciya ta ce miki, da kin bari ƙila da ya rayu.

Sikanin na biyun zai taimake ki wajen Hajiya surukarki ma. Kada ki ɗauki maganarta da zafi. Jikanta take so, kuma abin da ta taso ta ji ke nan, cewa ciki yana kwanciya ya yi wata da watanni sannan ya tashi. Akwai dalilin da ya sa maganar take kama hankali. A irin wannan ɓarin, mabiyiya takan ci gaba da fitar da sinadarin ciki na ɗan lokaci bayan ɗan tayin ya rasu, sai mace ta ci gaba da jin laulayi, nono ya cika, gwajin fitsari ya nuna ciki, jini kuma bai zo ba. Wata ma abin yakan fita a ɗauka al'ada ce ta dawo, ta sami sabon ciki, ta haihu, a yi lissafi daga na farkon a ce ai ga shi ya tashi. Amma zuciyar ɗan tayi in ta tsaya, ba ta sake bugawa. Ki roƙi maigidanki ya ɗauki Hajiya ku je tare, likita ya nuna mata a allon, ya yi mata bayani da Hausa. Shi ya kamata ya yi magana da mahaifiyarsa, bai dace a bar ki kina musu da suruka kina cikin ciwo ba. Addu'a kuwa ki karɓa hannu biyu. Sassaƙe da jiƙe-jiƙe ne nake roƙonki ki ajiye, domin ba a san ƙarfinsu ba, wasu suna murɗa mahaifa su tsinke jini. Kada kuma a tura miki komai ta gaba, ko ganye ko kanwa ko wani haɗi.

Zubar da ciki shi ne a kawo ƙarshen cikin da ke raye. Naki Allah ya riga ya karɓi abinsa. Abin da ya rage a mahaifa fitar da shi magani ne, kamar yadda ake fitar da mabiyiya in ta maƙale bayan haihuwa, kuma aiki ne da asibitocin gwamnati suke yi kullum a fili. Abin da ke rikita mutane shi ne maganin da kayan aikin iri ɗaya ne da waɗanda ake amfani da su a wancan. Wannan bai mayar da jinyarki laifi ba, duk wadda kika zaɓa cikin hanyoyi ukun.

To, jira. Jiki yakan gane da kansa, bakin mahaifa ya buɗe, mara ta yi ta murɗawa fiye da ciwon al'ada, jini ya zo da gudaji na wasu sa'o'i, sannan ya lafa ya koma ɗigo na mako ɗaya zuwa biyu. Matar da ɓarinta ya riga ya fara, jini yana zuba, wajen takwas cikin goma sukan gama da kansu cikin mako biyu. Irin naki da bakin mahaifa yake rufe ya fi nawa: kusan rabi ne suke gamawa a wannan lokacin, sauran sai an ƙara jira ko an koma ga magani ko wanki. Alherinsa, babu allura babu kayan aiki, kuma wasu matan hankalinsu ya fi kwanciya in abin ya zo da kansa. Wahalarsa, ba ki san ranar ba, ba ki san sa'ar ba. Yana iya zuwa da azahar kina da mutane, yana iya zuwa ƙarfe biyun dare kina ke kaɗai. Likitoci kan ba da mako ɗaya zuwa biyu, sannan a sake dubawa. Jira da sanin likita da ranar komawa daban yake da a zauna a gida wata biyu ana cewa ciki ya kwanta.

Magani kuma sunansa misoprostol. Ana saka shi ta gaba ko a ƙarƙashin harshe, ya tausasa bakin mahaifa ya sa ta matse ta fitar da abin da ke ciki, yawanci cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. Shi kaɗai yana gama aiki ga mata wajen bakwai cikin goma a karon farko, adadin ya haura takwas in an maimaita. In an fara ba da wani mai suna mifepristone kwana ɗaya ko biyu kafin shi, ya fi ci, don haka ki tambaya ko suna da shi. Ki sani akwai ciwon mara mai ƙarfi, ki nemi a rubuta miki maganin ciwo tun kafin ya fara. Yana iya kawo rawar sanyi, ɗan zazzaɓi, tashin zuciya da gudawa a ranar, su wuce kafin kwana guda. Za ki ga gudajin jini, wataƙila da wata 'yar jaka fara-fara. Ɗan tayin mako 7 bai fi ƙwayar wake ba, mata da yawa ba sa ma ganinsa. Na faɗa miki ne don kada ki firgita a banɗaki.

Ƙwayar maƙwabciyarki ita ce wannan maganin, kuma ina roƙonki da girman Allah kada ki karɓa. Yawan da ake bayarwa ya danganta da girman ciki da irin ɓarin, mai kemis bai ga sikaninki ba, bai san yawan jininki ba, ba kuma shi zai tashi da dare in jini ya ɓalle ba. Maganin kansa ba ya jure zafi da laima, in an ajiye shi ba daidai ba ƙarfinsa yana raguwa, sai ya fara aiki ya bari a rabi. Ga sauran masu karatu kuma da ba su yi sikanin ba: ciki yana iya zama a wajen mahaifa, a cikin bututun ƙwai. Wannan ƙwayar ba ta taɓa shi, yana nan yana girma har ya fashe, kuma wannan yana kisa.

Sai wankin ciki, wanda Mama take tsoro. Tsoronta yana da tushe. A zamaninsu da ƙarfe ake kankare bangon mahaifa, sau da yawa sai an sa mace barci, kuma kankara mai tsanani ko wadda aka maimaita tana iya barin tabo, bangon ya manne, al'ada ta ragu, ciki ya yi wuyar zama. Ga kuma waɗanda aka yi wa a ɗakunan bayan kemis da kayan da ba a dafa ba, suka ƙare da ruɓewar mahaifa. Labaran nan su ne a kunnen iyayenmu. Abin da ake yi yanzu ga ƙaramin ciki ana kiransa MVA: siririn bututun roba ne da babban sirinji na hannu da ke zuƙo abin da ya rage. Ana yin allurar kashe zafi a bakin mahaifa, aikin kansa minti goma zuwa sha biyar ne, ki huta kaɗan ki koma gida a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a bar kankara da ƙarfe a koma wannan. Yana gama aiki ga fiye da mata 95 cikin ɗari, kuma jinin da ake zubarwa bai kai na sauran hanyoyin ba. Akwai zafi lokacin da ake yi, ba zan ɓoye miki ba, kuma haƙƙinki ne ki ce sai an ba ki maganin ciwo kafin a fara. Haɗarinsa, wato shigar ƙwayoyin cuta ko huda mahaifa, kaɗan ne ƙwarai a hannun wanda ya ƙware.

Ga abin da za ki gaya wa Mama. A Ingila an yi wani bincike da aka buga a 2006, aka raba mata 1,200 da suka yi ɓarin farkon ciki gida uku: masu jira, masu magani, masu wanki. Shigar ƙwayoyin cuta ya zo kusan daidai, biyu zuwa uku cikin ɗari a kowane gida. Da aka bi sawunsu daga baya, wajen takwas cikin goma sun haihu cikin shekara biyar, kuma babu gidan da ya bar wani a baya. Haihuwarki ta gaba ba ta rataya a kan wace hanya kika bi ba, muddin an yi a wurin da ya dace.

Kin tambaye ni, don haka zan faɗi ra'ayina. Da a ce kina kusa da asibiti, jininki cike, maigida yana kwana gida, da na ce duk wadda ranki ya fi natsuwa da ita. Amma abubuwa huɗu kika faɗa mini: jikinki ya riga ya yi wajen mako uku bai motsa ba, jininki ya yi ƙasa, dare yana yi miki ke kaɗai, kuma abin hawa yana wuya a unguwarku. Da waɗannan, ni wankin MVA na fi karkata gare shi, a sa rana, maigida ya ɗauki hutu, a yi da safe a gama. In zuciyarki ta ƙi shi sam, magani ne na biyu, da sharaɗin a asibiti za a ba ki, kuma ki koma gidanku ko gidan wata 'yar uwa a cikin gari ki yi kwanakin a can, inda akwai babbar mace a ɗaki da mai mota ko Keke Napep da zai ɗaga waya da tsakar dare. Jira a bayan Dakace ke kaɗai shi ne abin da ba zan so wa ƙanwata ba. Likitar da ta duba ki ta fi ni sanin jikinki, ki kai mata waɗannan dalilan ku yanke tare. Kuma in kin fara da wata hanya kika ji ba za ki iya ba, kina da damar canzawa.

Kowace kika bi, har ma a kwanakin jiran sikanin na biyu, akwai alamun da ba a jira gari ya waye. In kina jiƙa audugar mata babba guda biyu cikin sa'a ɗaya har sa'a biyu a jere, ko jiri yana ɗibarki in kin miƙe, ko kin suma, ko zuciya tana bugawa da sauri, a tafi asibiti nan take. Haka zazzaɓin da ya wuce kwana guda, ko ruwa mai wari, ko ciwon ciki mai tsanani da maganin ciwo bai taɓa shi ba, musamman a gefe ɗaya ko har kafaɗa. Ki karanta wa wadda za ta zauna da ke wannan sakin layin, domin mai zubar da jini ba ta cika gane ta galabaita ba. Ki haɗa jaka tun yau: katin asibiti, takardar sikanin, zani biyu, auduga, da ɗan kuɗi.

Ki tabbata an duba rukunin jininki. In nagetif ne, ki tambayi likita allurar anti-D, wadda ake yi cikin sa'a 72, musamman in wanki aka yi, don kare cikin da zai zo nan gaba. A rubuta miki maganin ƙarin jini, ki dage da shi ko da yana sa bayan gida baƙi, ki haɗa da hanta, ƙwai, wake, zogale da alayyahu.

Za a ce ki yi wankan jego da kunun kanwa don dattin ciki ya fita. Ruwa mai ɗumi yana da daɗi ga jiki, ki yi wankanki da shi. Amma tafasasshen ruwa da kanwa ba sa fitar da komai daga mahaifa, zafi mai yawa ma yana ƙara wa mai ƙarancin jini jiri. Mu Zazzagawa mun fi kowa sanin wannan: a shekarun 1970 likitocin asibitin ABU a nan Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a yankinmu, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ki yi amfani da auduga mai tsabta, ku dakata da kwanciyar aure har jini ya ɗauke. Bayan mako uku ki yi gwajin fitsari. In har yanzu yana nuna ciki, ko jini bai tsaya ba, ki koma a duba. Al'ada takan dawo cikin mako huɗu zuwa shida.

Game da sallah, malamai sun yi bayani daban-daban a kan jinin ɓarin da halitta ba ta bayyana ba: wasu sun ɗauke shi jinin biƙi, wasu jinin ciwo wanda ba ya hana sallah. Ki gaya wa malamar Islamiyyarku makonnin cikin da abin da kika gani, ta ba ki hukunci. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ba dole sai kin cika arba'in ba, da jini ya ɗauke kin yi wanka kin koma ibada. Abin da ya fita kuma, cikin da bai kai wata huɗu ba ba a yi masa wanka ko sallah. In kin ga wani abu, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne. In a asibiti ne kuma kina so, ki faɗa musu kafin a fara.

Yanzu zuciyarki. Za ki ji ana cewa ai jini ne kawai, ai da ƙuruciyarki, ai gara da ya tafi da wuri. Masu faɗa lallashi suke nufi, amma ke kin san tun ranar da gwaji ya nuna layi biyu kika fara lissafin watan haihuwa, wataƙila har kin raɗa masa suna a ranki bayan shekara biyu kina jiran wannan rana. Kuma da yake na fari ne, kunya ta sa kin ɓoye cikin, yanzu kuma ita ce za ta sa ki ɓoye kukan. Kada ki yarda. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuka bai kore haƙuri ba. Ki riƙe addu'ar da ya koya wa Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ki zaɓi mutum ɗaya, yayarki ko aminiyarki, wadda za ki iya faɗa wa komai ba tare da ta yi miki wa'azi ba. In bikin suna ya taso kika ji ba za ki iya zuwa ba, ki aika da barka ki zauna, babu hassada a cikin wannan.

Rashin barci a makon farko ba abin mamaki ba ne. Amma wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2020, ya gano kusan mata uku cikin goma suna da alamun firgici mai tsanani wata guda bayan rasa ƙaramin ciki, wasu har bayan wata tara. In mako uku ko huɗu suka wuce ba kya barci, ba kya cin abinci, abin yana ta dawo miki a ido, ko kika ji rayuwa ta fita a ranki, ki gaya wa likita kai tsaye. Ciwo ne mai magani, kuma akwai sashen da ke kula da shi a Shika.

Maigidanki da ya ce duk abin da kika zaɓa, ina kyautata zaton tsoro ne da rashin sanin abin faɗa, maza da yawa haka suke yin nasu baƙin cikin. Sai dai maganar ta bar miki kayan ke kaɗai. Kada ki jira ya gane da kansa. Ki kira shi yau ki faɗa masa abin da kike bukata ɗaya bayan ɗaya: ya zo ranar sikanin, ya zauna ku ji bayanin likita tare, ya yi magana da Hajiya, ya tanadi kuɗi, ya kuma nemo cikin 'yan uwa wanda zai iya ba da jini in an bukata. Kaduna zuwa Zariya ba nisa ba ne. Ki tambaye shi shi ma yaya yake ji, ɗansa ne.

Ciki yana iya shiga tun mako biyu bayan ɓari, kafin ma ki ga al'ada, don haka in ba ki shirya ba ki yi maganar tazara da likita kafin ki bar asibiti. In kuma kina so da wuri, ba sai kin yi wata shida ba. Ki bari jini ya ɗauke, gwaji ya koma babu, jininki ya cika, al'ada ɗaya ta zo don lissafi ya yi sauƙi. Ki fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga. Ki riƙa kwana a gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana cikin abubuwan da ke jawo ɓari a ƙasarmu, kuma in zazzaɓi ya kama ki da ƙaramin ciki, a gwada a ba ki magani a asibiti, kada ki ƙi sha don tsoro: tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna artemether-lumefantrine a watanni ukun farko. Ɓari ɗaya ba ya bukatar dogon bincike, sai in ya maimaitu sau biyu ko uku a jere, kuma kusan mace ɗaya cikin ɗari ce take yin uku a jere. In cikin ya samu, ki fara awo da wuri, ki gaya musu abin da ya faru, ki nemi sikanin a mako na 7 ko na 8, domin na san za ki kasance cikin fargaba har sai kin ga bugun da idonki.

Ki rubuto mini bayan sikanin na biyu in ji yadda ake ciki. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da mafi alheri.

Antinki